Tambayi Malam: Wai ɗan ƙauye zai iya zuwa gasar lissafi ta duniya?

Jama'a assalamu alaikum, barkanmu da sake haɗuwa. Wannan karon kamar kun haɗa baki, saƙonnin da suka shigo kusan duk a kan abu ɗaya suke, wato gasannin nan da ake ɗibar yaran sakandare a kai su ƙasashen waje su wakilci Najeriya. Na san abin da ya tayar da maganar, hotunan nan ne da ke yawo a Facebook da WhatsApp na yara riƙe da tuta ga lambar yabo rataye a wuya. Na tsamo guda shida, waɗanda ban taɓo nasu ba su yi haƙuri, in suka karanta za su ga amsarsu a ciki. Sunaye kuma na cire kamar yadda muka saba.

TAMBAYA: Malam barka da war haka. Ni manomi ne a wani ƙauye ta wajen Gwaram, ban yi boko ba sai allo da ɗan yaƙi da jahilci, wannan saƙon ma ƙanena ne ya rubuta min. Ina da yaro a SS1, malaminsa na lissafi ya tare ni ran kasuwa ya ce yaron nan kansa yana ja sosai, wai akwai gasar da ake kai irinsu har ƙasar waje. Dan Allah da gaske ne ko dai daɗin baki ne? Kuma in da gaske ne ɗan talaka yana shiga ko ta 'ya'yan masu hali ce?

AMSA: Baba ranka ya daɗe, barka kadai, Allah ya raya mana yaron nan. Malamin bai yi maka daɗin baki ba, gasar tana nan. Sunanta Olimfiyad ta lissafi ta duniya, a taƙaice IMO ake ce mata, an fara ta a 1959 a ƙasar Romaniya da ƙasashe 7 kacal, yanzu sama da ƙasashe 100 ne ke zuwa. Duk shekara ake yi wajen watan Yuli, kuma zagayawa take, a 2023 Japan ce ta karɓi baƙunci, 2024 Ingila, 2025 Ostireliya, a nahiyarmu ma an taɓa yi a Afirka ta Kudu a 2014. Kowace ƙasa yara 6 ne iyakar abin da za ta kawo, ba a ƙarawa komai girman ƙasar, China da ke da mutum sama da biliyan ɗaya shida take kawowa, mu ma iyakarmu shida. Sharaɗi shi ne yaro bai kai shekara 20 ba kuma bai shiga jami'a ba.

Bari in kwatanta maka da abin da ka sani. Ka san musabaƙar Alƙur'ani ai, yadda yaro yake farawa daga makarantarsu, ya je matakin ƙaramar hukuma, ya je jiha, ya je ta ƙasa wadda Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo ta Sakkwato ke shiryawa, in Allah ya ba shi sa'a a tura shi Saudiyya. Ba a taɓa cewa alaramma ya sayi kujera wa almajirinsa ba, karatu ne ke kai shi. To haka wannan ma take. A Najeriya masu kula da abin su ne Cibiyar Lissafi ta Ƙasa, NMC, tana Sheda a ƙaramar hukumar Kwali, kan hanyar Abuja zuwa Lokoja. Su ke shirya jarrabawar tantancewa zagaye bayan zagaye, akwai rukunin ƙananan sakandare akwai na manya, a fara da yara da yawa a jihohi ana tacewa ana tacewa har a rage 'yan kaɗan a kira su sansanin horo, daga cikinsu a fitar da tawaga. Kafin ta duniya akwai ta Afirka, PAMO, wadda aka fara a 1987 a Maroko.

Maganar ɗan talaka kuwa, ba zan ɓoye maka ba. A takarda ƙofa a buɗe take ga kowa. A zahiri makarantun kuɗi na Legas da Abuja da ire-irensu sun fi cika wuraren, ba don 'ya'yansu sun fi naka ƙwaƙwalwa ba, a'a, su suna jin labari da wuri, suna da malamin da aikinsa kenan horar da yara kan gasar, suna yin rijista a kan lokaci. Mu kuwa sau da yawa ko labarin ba ya isowa. Ni da kaina na taɓa koyarwa a wata makarantar ƙauye, takardar sanarwar gasa ta zo aka jefa ta cikin durowa, ban gan ta ba sai bayan an rufe rijista da kusan wata guda, lokacin da muke neman wata takarda daban. A shekarar ina da yara biyu da wallahi har yau in na tuna su sai raina ya ɓaci, ɗaya yanzu yana sayar da kayan miya a kasuwar garinsu, kuma har gobe da ka yake lissafin cinikinsa kafin mai kalkuleta ya gama dannawa.

Saboda haka abin da za ka yi ba ya buƙatar ka sayar da ko tunkiya. Ka sa rigarka mai kyau, ka ɗauki malamin nan ku je wajen firinsifal, ka gaishe shi ka ce kana son a sa yaronka in an buɗe rijistar Olimfiyad. Ta makaranta ake shiga. Malamin kuma ya riƙa leƙa ofishin ilimi na shiyya da shafin cibiyar a intanet, kar ya zauna jiran takarda ta same shi. In kana da ƙannensa da ke ƙaramar sakandare, ka sa ido kan jarrabawar shiga makarantun kimiyya bayan JSS3. Tun 1977 tsohuwar jihar Kano ta buɗe na Dawakin Kudu da Dawakin Tofa, kuma 'ya'yan manoma ne suka cika su suka fito likitoci da injiniyoyi, ku a Jigawa kuna da irinsu a Kafin Hausa da Gumel, na 'yan mata a Taura da Jahun, ga kuma makarantar masu hazaƙa ta Bamaina nan kusa da ku ta wajen Birnin Kudu. Ɗaya kuma Baba, in damina ta faɗi a ɗan rage masa noma ko da na yamma ne, yaron da ya wuni yana sunkuye a gona ba ya iya zama da tambaya ɗaya awa biyu da daddare.

TAMBAYA: Salam Malam. Ni sabon malamin lissafi ne a wata makarantar gwamnati ta jeka-ka-dawo a yankin Sumaila. Bara na yi ƙoƙari na kai yarana huɗu zagayen farko, yaran da a aji su ne na ɗaya zuwa na huɗu, tambayoyin WAEC na baya kuwa shanye su suke kamar kunu. Wallahi Malam ko ɗaya bai tsallake ba, ɗaya ma kuka ya yi a mota. Na rasa gane ina matsalar take, ni ne ban iya koyarwa ba ko me?

AMSA: Ƙanena sannu da ƙoƙari, kai da ka tara kuɗin mota ka kai su ai ka fi da yawa daga cikinmu. Ba rashin iya koyarwa ba ne. Ka horar da su tseren gudu ne aka kai su filin kokawa.

Lissafin WAEC da NECO da JAMB yawanci hanya ce da aka riga aka share, ka haddace fomula, ka gane irin tambayar, ka zuba lambobi, amsa ta fito, ka wuce ta gaba da sauri. Ita Olimfiyad ba ta tambayar fomula nawa ka haddace. Dubi yadda ta duniya take, kwana biyu ake yi, kowace rana tambaya 3 kacal, a ba yaro awa huɗu da rabi, babu kalkuleta, daga biro sai rula da kamfas. Tambaya uku a awa huɗu da rabi fa! Kowace tambaya maki 7, duka 42. Kuma wanda ya rubuta amsa tsirara ba hujja, ko da daidai ce, kusan babu abin da zai samu, hujjar ake biya. Fannoni huɗu ne, aljabara, jometiri wato lissafin da'ira da alwatika da kusurwa, sai sanin halayen lambobi, sai dabarun ƙirga. Babu kalkulas a ciki ma, abin da ya sa ɗan JSS3 mai kaifi zai iya fahimtar tambayar sarai amma farfesa ya yi gumi kafin ya warware ta. Zagayen farko na gida bai kai wannan zafi ba, amma jinin iri ɗaya ne.

Bari in ba ka abin da za ka gwada ran Litinin. Ka ce musu mutum ne yake da awaki 30 da turke 7, yana son ya ɗaure su duka, amma a kowane turke adadin awakin ya zama mara, wato 1 ko 3 ko 5 haka, kar ya zama cika. Yaya zai yi? Za ka ga sun duƙufa suna gwadawa, wannan ya sa 5, 5, 5, wancan ya goge, har a kaɗa ƙararrawa. Ka ƙyale su, kar ka faɗa. Can za ka ji wani daga bayan aji ya ce Malam wannan ai ba zai yiwu ba. Ka ce masa don me? In ya iya ce maka mara da mara in aka haɗa cika suke bayarwa, turaku shida sun tashi bibbiyu sun ba da cika, na bakwai ya ƙara mara a kai, jimla dole mara ce, 30 kuwa cika ce, to riƙe wannan yaron da kyau ko da shi ne na 25 a aji. Abin da ya yi ɗin nan shi ake kira hujja, bai gwada duk hanyoyin ba amma ya toshe su gaba ɗaya da magana ɗaya. Kuma za ka sha mamaki, sau da yawa ba na ɗayan aji ba ne ke ganowa, wani ne mai shiru-shiru wanda ake ce masa malalaci don ba ya son kwafar rubutun allo.

Wata kuma, duk gidan da ake kiwon tattabaru an san ta. Tattabara 10, tukunya 9, dole a samu tukunyar da biyu suka kwana ciki. Magana ce da ko yaro ya sani, amma da ita ake cewa cikin mutum 13 dole a samu biyu da aka haifa a wata ɗaya, kuma da ita ake warware tambayoyin da suke fitowa har a matakin duniya.

Sai wadda na fi so, don tamu ce. Hatimin nan mai gida tara da malamai ke zanawa, lamba 1 zuwa 9, ta kowane ɓangare ka haɗa 15 ne, tsaye da kwance da karkace. Akwai wani malami Bafulatani daga Katsina, Muhammad bn Muhammad al-Katsinawi, ya rubuta littafi da Larabci a 1732 a kan hanyoyin gina irin waɗannan hatimai, ya rasu a Alƙahira a 1741, masu tarihin lissafi na duniya suna ambatonsa har yau mu kuwa yaranmu ba su taɓa jin sunansa ba. Ka tambaye su, me ya sa 5 ce kullum a tsakiya? Amsar ga ta, layuka huɗu ne ke ratsa gidan tsakiya, kowanne 15, jimla 60. Layukan nan huɗu sun taɓa kowane gida sau ɗaya, banda na tsakiya da suka taɓa sau huɗu. Daga 1 zuwa 9 in ka haɗa 45 ne, to rarar 15 ɗin nan ta tsakiya ce sau uku, kenan 5. Ranar da na fara nuna wa wani aji wannan, wani yaro da babansa alaramma ne ya miƙe ya ce Malam ashe abin nan lissafi ne, muka yi ta dariya.

Yadda za ka tsara abin kuwa, kar ka jira a ba ka aji na musamman ko alawus, ba za su zo ba. Ka ware rana biyu a mako bayan an tashi, ko gindin darbejiya ne, yara kamar goma haɗe da 'yan JSS don su ne jarinka na shekara uku masu zuwa. Tambaya ɗaya ko biyu a zama, ba ashirin ba. Ka bar su su yi musu, wanda ya ce ya gano ya fito ya gamsar da sauran, in wani ya kama shi da giɓi a hujjarsa ya koma ya sake. Abu mafi wuya a nan kai ne, ka iya kame bakinka, mu malamai muna da cutar son faɗin amsa da wuri. Tambayoyin baya na IMO duk suna shafinsu na intanet kyauta tun daga na 1959, amma kar ka fara da su za ka kashe musu gwiwa, fara da na zagayen farko na gida da na ƙananan aji. Ranar da ka shiga gari inda sabis ke da ƙarfi ka sauke su a waya, ka buga kwafi ɗaya, sauran a kwafa a allo. Kai ma za ka riƙa cin karo da tambayar da za ta kwana uku tana ba ka kashi, ka faɗa musu gaskiya ka ce ni ma ban gano ba tukuna, ba ya rage maka girma. Wanda ya yi kuka a mota kuwa ka fara kiransa, irinsu ne abin ya dame su.

Turanci ma ka sa masa ido. A matakin duniya ana fassara wa kowane yaro tambayoyi da harshen da yake karatu da shi, Balarabe da Larabci, Basine da Sinanci, amma namu na gida da Turanci ake yi, kuma yaranmu da yawa ba lissafin ke kayar da su ba, kalma ɗaya ce a cikin tambayar ba su gane ba. Ku tattauna da Hausa har kowa ya fahimta, sannan a rubuta hujjar da Turanci.

TAMBAYA: Malam ina wuni. Ni uwa ce daga wani gari kusa da Ringim. 'Yata tana makarantar kwana ta 'yan mata, ta tsallake zagaye biyu na gasar kimiyya, malamarsu ta ce in ta ci gaba za a iya kiranta Abuja har ma waje. Babanta ya ce shi bai ga yadda za a yi 'ya mace ta tafi wata uwa duniya ba, me za ta ci, wa zai kula da ita. Ni kuma ina son ta je amma ina tsoro. Ka ba ni shawara dan Allah.

AMSA: Hajiya lafiya lau, Allah ya yi wa yarinyar nan albarka, tsallake zagaye biyu ba wasa ba ne. Damuwar maigida ba abin rainawa ba ce, uba ne, kuma in kika tunkare shi da cewa bai waye ba kin rufe ƙofar da hannunki. Abin da zai kwantar masa da hankali shi ne bayani filla-filla. Yaran nan ba su kaɗai suke tafiya ba, kowace tawaga tana da shugaba da mataimaki, manya ne malamai. A gasar lissafi ta Afirka ma tsarin tawaga maza uku ne mata uku, har da lambobin yabo da aka ware wa mata, kenan ba ita kaɗai ba ce mace. Masaukin mata daban yake. Ƙasashen Musulmi da yawa suna zuwa gasannin nan, Saudiyya, Iran, Turkiyya, Indonesiya, Maroko, Aljeriya, 'yan mata da hijabinsu, kuma tun wajen cike fom ana tambayar irin abincin da yaro ke ci, sai a rubuta halal. Ku nemi sanin malamar da za ta raka su, ku karɓi lambarta, maigida ya yi magana da firinsifal baki da baki. Batun muharrami kuwa ni malamin lissafi ne, ba zan yi karambani ba, ku je wajen malamin da shi maigidan ya yarda da shi ku faɗa masa yadda tafiyar take dalla-dalla, kwana nawa, da su wa, ya ba ku fatawa.

Ki ba 'yar taki labarin Maryam Mirzakhani, 'yar ƙasar Iran. Tana sakandare ta ci zinare a gasar lissafi ta duniya a 1994, ta koma a 1995 ta cinye maki 42 cif ba ta zubar da ko ɗaya ba, a 2014 ta zama mace ta farko da aka ba lambar Fields, wadda masu lissafi ke ɗauka kamar Nobel a wajensu. Ta rasu a 2017 tana da shekara 40.

Sai abin da mutanenmu ke sakaci da shi har ya zo ya hana tafiya, takardu. Tun yanzu ki tabbatar tana da takardar haihuwa ta hukumar ƙidaya da lambar NIN, kuma sunanta da ranar haihuwarta iri ɗaya ne a ko'ina har da rijistar makaranta. In a nan an rubuta sunan uba, can an rubuta sunan kaka ko sunan gari, ranar yin fasfo za ku sha wuya. Yaron da bai kai 18 ba sai da takardar amincewar iyaye ake masa fasfo, kin ga ko ta nan dole sai maigida ya sa hannu, gara a lallaɓa shi tun da wuri.

TAMBAYA: Malam wani ne ya turo wa shugaban makarantarmu saƙo a WhatsApp wai an zaɓi ɗana zai wakilci Najeriya a gasar duniya a Dubai, amma sai mun biya kuɗin rijista da na jirgi da otal cikin sati ɗaya. Yaron bai rubuta wata jarrabawa ba. Har na fara tunanin sayar da ɗaya daga cikin shanun huɗata. Daga wani ƙauye a Dambatta.

AMSA: Ɗan'uwa mayar da sanka turke. Ka riga ka ba kanka amsa, yaron bai rubuta jarrabawa ba, to da me aka zaɓe shi, da istihara? Gasa ta gaskiya sai an sha tacewa kafin a ce ka wakilci ƙasa, kuma a manyan Olimfiyad ƙasar da ta karɓi baƙunci ce ke ɗaukar masauki da abincin yara, kuɗin jirgi kuma yana wuyan masu tura tawagar. Akwai wasu gasanni na kamfanoni da suke na gaske ne ba damfara ba, amma kasuwanci ne, duk wanda ya biya zai je, a dawo da satifiket da hoto. Mai hali in ya ga dama ya kai ɗansa ya buɗe ido, ba laifi, amma ba abin da za a sayar da san huɗa a kansa ba ne ana gab da damina. Wanda kuma ya ce a tura kuɗi asusun mutum ɗaya cikin sati ɗaya, kar ma ku tsaya dogon zance, shugaban makarantar ya kai saƙon ofishin ilimi na shiyya a duba.

TAMBAYA: Malam ni ɗalibar SS2 ce daga Kazaure, gaskiya ni lissafi ba ya shiga kaina sosai amma ina son bayoloji da surutu lol. Mu babu tamu gasar ne?

AMSA: 'Yata akwai, har sai kin zaɓa. Ta fiziks an fara ta a 1967 a Poland, yara 5 kowace ƙasa. Ta kemistiri 1968, ta kwamfuta 1989, taki ta bayoloji 1990, waɗannan ukun yara hurhuɗu ne. Akwai ta ƙananan yara 'yan ƙasa da 16 da ta haɗa fiziks da kemistiri da bayoloji, wadda Abuja ta karɓi baƙuncinta a 2010, a ita yara uku-uku ake haɗawa su yi gwaji tare, maki ɗaya su raba, in ɗaya ya zubar da ruwan gwaji duka sun shiga uku. Matsalarmu a waɗannan ita ce aikin hannu, kusan rabin abin a ɗakin gwaje-gwaje ake yi, yaron da bai taɓa leƙa madubin ƙara girma ba sai a zanen littafi zai sha wahala ko da ya haddace littafin. In lab ɗinku a kulle yake ana jiran ranar WAEC, ku haɗu ku roƙi malamarku ta buɗe muku ko sau ɗaya a mako.

Surutun naki ma yana da kasuwa. Akwai gasar muhawara ta makarantun duniya tun 1988, mutum uku ke magana a kowane ɓangare, kowa minti 8, wani maudu'in ma sai saura awa ɗaya ake ba ku, babu waya babu malami, ku kaɗai a ɗaki ku tsara hujjojinku. Wannan kam in ba ku jituwa da juna kun faɗi tun kafin ku fito. Sannan a 2018 wasu 'yan mata biyar daga wata sakandare a Onitsha ta jihar Anambra sun ci zinare a rukunin ƙanana na gasar Technovation a Amurka, da manhajar waya da suka ƙirƙira ta gano jabun magunguna. Ki dubi kemis ɗin garinku da masu tallar magani a kasuwa ki gaya min ko mu ba mu da matsalar da za a yi wa manhaja.

TAMBAYA: Malam in mutum ya ci gasar nan nawa ake ba shi? Ana ba da mota? Ɗan JSS3 daga Birniwa.

AMSA: Kai yaro, tun ba a haifi ɗa ba ka raɗa masa suna! A ta duniya ba a ba da kuɗi ko mota, lamba ce ta zinare ko azurfa ko tagulla, kuma ba mutum ɗaya ke cin zinare ba, kusan rabin yaran da suka zo suna samun lamba, in an ba mutum ɗaya zinare an ba biyu azurfa an ba uku tagulla. Wanda bai samu lamba ba amma ya cinye maki 7 a tambaya ɗaya ana ba shi takardar yabo. Sai a haɗa makin yara shidan a ga matsayin ƙasa, a 2024 Amurka ce ta zo ta ɗaya, a 2025 China. Ribar tana zuwa daga baya, manyan jami'o'i suna kallon wannan lambar da daraja wajen ba da gurbi da tallafin karatu. In kuɗi kake so a hannu, irin Cowbellpedia da ake nunawa a talabijin suna bayarwa, ita kuma sauri take so.

Tunda kai ɗan JSS3 ne ga taka, sauran masu karatu ma ku gwada. An yi taron suna, maza sun taru a ƙofar gida, wasu sun gaisa hannu da hannu wasu ba su gaisa ba. Nuna min cewa ko mutum nawa ne a wurin, in dai sun kai biyu, dole a samu mutum biyu da adadin waɗanda suka gaisa da su ya zo ɗaya. Ka tuna da tattabaru da tukwane. Kar a turo min da "eh haka ne Malam", hujja nake so, da Hausa ma ta yi, wanda tasa ta fi tsafta zan buga ta a fitowa ta gaba.